Kifin da Aka Raɗa wa Waccan

Duk Bahaushen da ya ɗan zauna a Manchester ya san Maman Ameen, ko bai san fuskarta ba ya san wainarta. Sunanta Raki, matar yayana Ja'afaru ce, kuma Ameen ɗin da ake kiranta da shi ba shi ne babba ba. Akwai wadda ta riga shi zuwa duniya, sunanta Widad. Ni ina da bakin faɗar sunan tunda gwaggonta ce. Raki kuwa, tun daga ranar suna har yarinyar nan ta gama jami'a, ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba.

Wanda ya tashi a gida ya san wannan ba ƙiyayya ba ce, kunyar 'yar fari ce. Ba ka kiran sunanta, ba ka yabonta a gaban mutane, in ta faɗi ka bar wani ya ɗaga ta. Raki ita ma 'yar fari ce a gidansu a Bichi. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, uwarta kuma har ta koma ga Allah "'yar tsohuwa" take ce mata. Na taɓa tambayar Raki ko abin ya taɓa yi mata ciwo. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa, ta ce ranar da za a kai ta ɗakin miji uwarta ba ta fito ba, tana ƙuryar ɗaki tana tankaɗe garin da aka riga aka tankaɗe, kuma da wannan ta gane komai.

Da wannan tarbiyyar ta sauka a Ingila. Yaya ya zo karatu, karatu ya ƙare, ya zama direban bas, suka zauna a saman wani tsohon gida a Whalley Range da aka yayyanka aka yi wa 'yan haya. A nan aka haifi Widad. Raki ta samu aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare a Old Trafford, tana dafa wa 'ya'yan mutane dankali da wake marar yaji, tana dawowa gida ta dafa abincin gaskiya. Kuma ta kawo kunyarta cikakkiya, ba ta bar ko kaɗan a filin jirgi ba. In ta kai yarinyar wajen likita aka tambayi suna, sai ta miƙa kati. In babu kati sai ta jero haruffan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta lambar mota. Da matan unguwa suka fara ce mata Maman Widad sai ta riƙa sunkuyar da kai, ba ta amsawa. Ana haifar Ameen suka sauƙaƙa mata, suka sauya. Shi da autarsu Amal kuwa ana kiransu har maƙwabta su ji, ana goya su, ana yi musu kirari. Ita babbar sunanta a gidan Waccan. "Waccan ta ci abinci?" "Ku ce wa waccan ta kashe fitila."

Abin da Raki ba ta lissafa ba shi ne, a gida uwa tana ja da baya ne saboda akwai masu matsowa. Akwai kaka da za ta kira ka da suna sau goma kafin azahar, akwai gwaggo, akwai inna. A saman benen nan na Whalley Range babu kowa, sai wani tsohon Bature a ƙasa mai buga silin da sandar shara in yara suka yi gudu. Ni ban zo ƙasar ba sai da yarinyar ta shiga sakandare, kuma Birmingham aure ya kai ni.

Da Widad ta samu jami'a a Birmingham sai ta dawo hannuna a Small Heath. Yarinya ce mai shiru, mai tsabta, Turancinta na Manchester ne zalla, Hausarta kuwa ta kicin ce: ta san "zo", ta san "wanke", ta san "ba ki da kunya". Ilimin halittu ta karanta. A garin da ko ƙamshin teku ba ya isowa, ita ba ta da zance sai na kifi. Ta gama, ta nemi aikin sa-kai a wajen wasu masu bincike a wani tsibiri a Tanzaniya, suka ɗauke ta.

Ina nan ranar da ta faɗa wa uwarta. Mun je Manchester tare, Raki tana yanka kuɓewa.

"Mum, na samu place a project ɗin nan. Whale sharks. Zan yi three months."

Raki ba ta ɗago ba. Ni ta yi wa magana. "Amina, tambayi waccan, wane irin aiki ne?"

Widad ta yi bayani, ni na riƙa cike gurbin da Hausarta ta gaza. Kifi ne da tsawonsa ya kai na bas ɗin da babanta yake tuƙawa, jikinsa duk ɗigo-ɗigon fari, amma ba ya cin mutum, 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa yake tacewa ya haɗiye. Masu yawon buɗe ido suna zuwa daga ko'ina su biya a kai su cikin jirgi su yi iyo kusa da shi. Doka ita ce ba a taɓa shi, ba a tare masa hanya, amma mutum in ya biya kuɗi sai ya ga kamar ya sayi kifin. Aikinta shi ne ta shiga ruwa ta lura da yadda jirage da mutane suke takura masa, ta rubuta, sannan ta ɗauki hoton gefensa na hagu. Ɗigon kowane kifi daban yake da na ɗan'uwansa, da shi ake gane su.

"Biyanta za a yi?" in ji Raki.

"Volunteer ne, Mum."

"Wato kyauta za ta je ta yi wa kifi gadi." Ta ci gaba da yanka. Na lura wuƙar ta ɗan tsaya da ta ji zancen shiga ruwa, don Raki ko gadar kogi ba ta hayewa ba tare da ta yi addu'a ba.

Ana saura kwanaki ta tafi aka yi suna a Old Trafford. Ni ban je ba, daga baya aka ba ni labari daga bakuna da yawa, kuma duk sun zo ɗaya. Mata sun cika falo, sai wata Hajiya da duk garin aka san bakinta ba ya da linzami ta ce, "Maman Ameen, an ce 'yarki su za ta je yi? Duk uni ɗin nan da aka yi, a ƙare a masunta? Kuma an ce Turawan nan kusan tsirara suke shiga ruwan." Aka yi dariya. Raki ta sunkuyar da kai. Ta san amsar, ta fi kowa sanin yarinyar da ta haifa, amma uwa ta tashi tana kare 'yar fari a gaban mata, a wajenta wannan shi ne tsiraicin. Wata ta zungure ta, ta ce ke ba za ki ce komai ba? Ta ce, "Me zan ce? Kun san kunyarta nake ji."

Matan suka yi murmushi, don sun gane. Babu wadda ta lura Widad tana bakin ƙofa da tiren lemo a hannu. Ita kunyar da ta sani guda ɗaya ce, wadda ake ji in an yi abin assha. Ta juya maganar zuwa Turancin da ke kanta, ta samu cewa uwarta ta faɗa wa matan gari ita abin kunya ce. Ta ajiye tiren, ba ta faɗa wa kowa ba, ta hau jirgi da wannan a ranta.

Watannin nan da ba ta nan, Raki ta rame. Azumin Litinin da Alhamis ta ɗauka ba fashi, in an tambaye ta sai ta ce ramuwa take yi. Tun kafin tafiyar ta sayi baƙar doguwar rigar iyo mai rufe jiki har kai, ta ba ni ta ce in bayar a matsayin tawa, na kuma bayar. A wajen aiki akwai abokiyarta Celestina, 'yar Pankshin, wadda suke wanke tukwane tare suna gulma da Hausa don kada sauran su ji. Celestina ce ta gaya mini kullum in an tashi hutun rana Raki sai ta karɓi wayarta ta buɗe shafin masu binciken, ta yi ta ja da yatsa har sai ta ga baƙar rigar nan a cikin wani hoto. Ba ta dubawa a tata wayar, kada yara su gani. In Widad ta kira gida kuwa, sai ta miƙa wa Amal wayar ta tsaya a bayanta tana goge abin da ba ya buƙatar guga, tana cewa, "Tambayi waccan ko tana samun abincin kirki."

Na yi mata faɗa, don ni ƙanwar miji ce, ina da lasisin faɗa mata abin da wasu ba za su iya ba. Na ce Yaya Raki, nan fa ba Bichi ba ne, yaran nan sai an faɗa musu abu da baki suke ji. Ta ce, "Ke dai Birmingham ta lalata ki." Muka yi dariya, zancen ya wuce.

Widad ta dawo ta yi baƙi, ta ƙara shiru. Ta kwana biyu a Manchester ta gudo wajena. Bayan ƙaramar Sallah 'yan arewa suka shirya taronsu na shekara a wani zaure a Small Heath, ɗalibai da magidanta da iyalansu, suka roƙe ta ta nuna hotunan aikinta don yara su ga ba likita da lauya kaɗai ake zama ba. Yaya yana bakin aiki ranar. Raki ta hau bas tun safe da kula biyu na waina, ta zo ta kafa teburinta a can baya kusa da ƙofa, inda za ta ce ita abinci ta zo rabawa, ba kallo ba.

Aka kashe fitilu aka kunna majigi. Gaskiya ban san haka abin yake ba. Ruwa shuɗi har ba ka ganin ƙarshensa, ga wannan halitta tana tafiya a hankali da baki buɗe, ga 'yar yayana kamar ƙuda a gefenta. Zauren ya yi tsit, sai salati ƙasa-ƙasa. Ta nuna wani kifi da farfelar jirgi ta yanka a baya, ta nuna Turawa sun yi masa zobe kowa yana miƙa hannu. Ta faɗi yadda suke zama da masu jiragen tsibirin, Musulmi 'yan'uwanmu, ana lallaɓa su su rage gudu, don in kifin ya gudu su ma abincinsu ya gudu. Na waiwaya na ga Raki ta bar cokali a cikin miya, ta ɗan matso gaba.

Sai ta nuna hoto na ƙarshe. Ta ce wannan kifin ba a taɓa ganinsa ba sai da ita ta ɗauke shi hoto, kuma al'adarsu a can, wanda ya fara samun kifi shi yake raɗa masa suna. A ƙasan hoton an rubuta da manyan haruffa: WACCAN.

Manya suka kwashe da dariya, wasu har da tafi. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce me ya sa wannan sunan? Widad ta yi murmushin da ban so ba. Da Turanci ta amsa, a makirfo, a hankali yadda kowa zai ji.

"Haka mahaifiyata take kirana. Ma'anarsa, that one. Ban taɓa jin ta faɗi sunana ba. Ta gaya wa ƙawayenta she's ashamed of me, so I thought, kifin nan ba shi da uwa a kusa, ba zai damu ba."

Dariyar ta mutu a wuyan mutane. Ta ƙara da cewa masu binciken sun ba ta aikin shekara biyu, ta karɓa, ƙarshen mako za ta koma. Ko ni da take kwana a gidana ban san wannan ba.

Aka kunna fitilu, kuma ka san mutanenmu, kowa ya yi kamar ba zai waiwaya ba, kowa ya waiwaya. Raki tana tsaye a bayan teburinta. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. An tona ta ta fuska biyu: yaran da aka haifa a nan suna mata kallon muguwar uwa, manya kuma suna mata kallon wadda 'yarta ta tsaya a gaban maza ta yi mata tsirara. Ni kaina na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera, don jinina ne ya yi maganar, kuma matar gidanmu aka yi wa. Wata mata ta miƙa faranti don ta rufa mata asiri, Raki ta zuba mata waina. Haka ta tsaya ta sallami kowa. Ba ta fita ba sai da kulolin suka ƙare.

La'asar ta yi muka isa gidana, mu uku. Raki ta wuce kicin ta kunna famfo ta hau wanke kuloli. Widad ta haye sama, na ji tana jan jaka. Na bi ta, na sauko da ita da hannu, don raina ya ɓaci da su duka biyun.

Na ce, "Ke, abin da kika ji a taron sunan Old Trafford ba shi aka faɗa ba. Kunya iri-iri ce. Akwai ta abin assha, akwai wadda kake ji a gaban wanda ya fi ƙarfin bakinka. Surukai ake yi wa ita, da 'yar fari. Ba ashamed ba ne."

"Then what is it, Gwaggo?"

Na laluba duk Turancin da na tara a ƙasar nan, na jarraba shy, na jarraba respect, kowanne na ɗauka sai in ga bai kai ba. Sai na bar kalma na koma ga aiki. Na gaya mata azumin, na gaya mata wayar Celestina, na gaya mata rigar iyon da take ta yi mini godiya a kanta ba ni na saya ba. Ina faɗa Raki tana ƙara ƙarfin famfo, don a wajenta wannan tonon ya fi na zauren zafi.

Widad ta dubi bayan uwarta. Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta yi laushi ba.

"Okay. To ta faɗa. Sau ɗaya, Mum. Ba spelling ba."

Raki ta kashe famfo. Ta tsaya riƙe da bakin kula. Muka jira. A waje bas ya wuce, tagar kicin ta ɗan girgiza. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Amina, gaya wa waccan ai ta san..."

Widad ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta ce za ta kwana wajen ƙawarta, daga can za ta wuce filin jirgi, a gaishe da Dad. Ta ja jakarta zuwa bakin ƙofa, ta durƙusa tana ɗaura takalmi, ta ba mu baya.

Na dubi Raki na ce a raina shi ke nan, yarinyar nan in ta fita da wannan, shekara biyu za ta zama goma. Raki ta fito daga kicin, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta, ta tsaya kusa da ni a lungun. Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Abin ya fito ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar muryar wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Widad."

Yarinyar ba ta ko ɗago daga takalminta ba. Ta ce, "Yes, Gwaggo?"

Na ji abin har cikin ƙashina. Ta san muryar uwarta a faɗa, ta san ta a waya, ta san ta daga ƙasan bene, amma da wannan sunan ba ta san ta ba, sai ta ɗauka tawa ce. Raki ta ja gefen gyalenta ta rufe fuska.

Na ce, "Ba ni ba ce."

Hannun Widad ya tsaya a kan igiyar takalmin. Ta juyo a hankali, tana durƙushe, ta dube ni, sannan ta dubi matar da ke gefena. Raki ba ta buɗe fuskar ba. Ta cikin gyalen ta sake faɗa.